Yadda Za Ka Ci Gaba Da Zama Injiniyan Ofis Alhali Allo Na Biyu Yana Jan Ƙafa

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan a wurin aikinku ana kiranka Injiniya, alhali kai ka san a ranka ko ƙofar ajin injiniyoyi ba ka taɓa leƙawa ba, to wannan takarda taka ce. Na yi maka alkawari, ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba mai ƙwace maka sunan nan, ko da kwamfutocin ofishin gaba ɗaya za su kama rawar sanyi. Ba labari na ji ba. Ni da kaina na gwada su wata takwas cur, kuma har yanzu da nake rubutun nan Injiniya ake ce min.

Bari ka san mai yi maka magana. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine, ɗaki biyu da baranda, a saman shagon masu sayar da fenti. Manaja mijin yayata ne. A ofis Yallaɓai nake ce masa, a gida Yaya. An ɗauke ni ne in riƙa jera fayil. Ran nan firinta ta ƙi aiki, kowa ya yi cirko-cirko, ni kuma na sunkuya zan ɗauki birona da ya faɗi, na ga soket a kashe, na kunna. Tun daga ranar na zama Injiniya, har aka ba ni tebur kusa da taga.

Mai zanen ofishin kuwa Anti ce. Shekara goma sha tara tana zana wa mutane gidaje, tun zamanin fensir da rula. Ita aka saya wa allon kwamfuta na biyu, ƙato, sabo fil, don ta riƙa buɗe zane a ɗaya, lissafin awo a ɗayan. A kan allon nan darasinmu zai gudana.

1. Kai za ka buɗe kwalin

Kada ka yarda wani ya riga ka. Naɗe hannun riga, ka ce kowa ya ja baya. A cikin kwalin za ka tarar da allo, da wata 'yar takarda mai hotuna, da baƙar waya mai kauri a cikin leda. Takardar ka mayar da ita kwali ba tare da ka ko kalle ta ba. Injiniyan da aka kama yana karanta takardar bayani, gobe sunansa Malam kawai.

Sai wayar. Za ka ga kanta ba irin wanda ka saba gani ba ne, kusurwa ɗaya a yanke kamar an gutsire ta. Kada ka tsaya laluben raminta a bayan kwamfuta, mutane na kallonka. Jawo durowa, ka ɗauko tsohuwar wayar nan da ta shekara bakwai a kwance, wadda ka san inda take shiga. Soka ta. Hoto ya fito? To shi ke nan, karɓi tafinka.

Sabuwar wayar kuma kada ta tashi a banza. Ni tagar bayan teburina sakatarta ta karye, da iska ta taso sai ta riƙa dukan bango, fam, fam. Na ɗaure ta da wayar, ƙulli biyu. Wallahi ban taɓa ganin igiya mai ƙarko irinta ba. Kwalin kuwa na tura shi ƙarƙashin tebur ina ɗora ƙafa.

2. In ƙorafi ya zo, ka nemi sati biyu

Ba za a kwana uku ba mai allon za ta zo. Haka Anti ta zo ta tsaya a kaina.

"Injiniya, zo ka ga wani abu. A tsohon allon kibiyar maus tafiya take yi sumul. Da na tsallaka da ita sabon, sai ta kama jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa. In na ja layi, sai na tsaya jiransa."

Ka tashi a hankali, kada ka yi rawar jiki. Ka tsaya bayan kujerarta, hannu a ƙugu, ka ɗan karkata kai. Za ka ga abin da ta faɗa ƙuru-ƙuru, kibiya tana tafe tana tsalle-tsalle. Kada fuskarka ta nuna. Ka ce, "Hmm." Ka bar shiru ya ɗan yi aikinsa. Sannan ka ce, "Anti, ai sabo ne. Bai saba da hannunki ba tukuna. Ki ba shi sati biyu."

Sati biyu babban makami ne a sana'armu. A cikin sati biyu mutum yana iya mantawa, yana iya haƙura, ana iya ba da hutu.

3. Nemi kalma ɗaya mai nauyi

Anti ba ta manta ba, ba ta haƙura ba, hutu kuma ba a bayar ba. Irin wannan rana ce ake ajiye wa kalma mai nauyi. Tawa ita ce "rifiresh". Na tsince ta ne a bakin wani mai gyara, ina wucewa ta gaban shagonsa.

Ma'anarta, yadda na gane daga baya, lokacin da sanin ba shi da sauran amfani, ita ce: allo ba hoto ɗaya yake kafe maka ba, sake zana hoton yake yi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. In sau sittin yake yi, ido ya ga motsi sumul. In sau talatin ne, komai ya riƙa tsinkewa, ido ya gaji, kai ya ɗauki ciwo. Tsohuwar waya irin ta durowata kuma ba ta iya kai wa ƙaton allo fiye da talatin. Duk wannan kada ka sani yanzu. Wanda ya sani dole ya gyara, kai kuma ba gyara ka zo yi ba.

Abin da za ka yi shi ne ka danna gefen dama na maus, ka zaɓi wurin da aka rubuta "rifiresh", allon zai ɗan ƙyafta ido, ka maimaita da sauri kamar kana buga lambar sirri. Sai ka miƙe ka rubuta mata ƙa'ida: sau goma da safe, sau goma da rana, kada a tsallake. Anti, baiwar Allah, ta bi. Daga teburina ina jin ta, ƙyas, ƙyas, ƙyas, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

4. Ɗora laifin a kan wanda ba ya iya hawa bene

Wuta ba ta da ƙarfi. Zafi ya yi wa na'urar yawa. Netwok ne. Bairos ne, cutar kwamfuta, ya shiga, amma ka kore shi, ragowar jinyar ce. Kowanne daga cikinsu zai sayo maka sati guda, in ka iya bakinka ma har biyu. Tsakanin wannan da wancan ka riƙa kashewa kana kunnawa, kana hure bayan kwamfutar, kana sharce gumin da babu shi.

Amma ka kiyaye, kada ka kuskura ka zargi wanda ya sayar da allon. Shi mutum ne, yana da lambar waya, yana da ƙafafu. In ya ji an ce kayansa ba su da kyau zai hawo benen nan, kuma abu na farko da zai tambaya shi ne ina wayar da ke cikin kwalin.

5. In waɗannan sun ƙare, akwai idon mai ƙorafi

Wajen wata na huɗu Anti ta fara zuwa aiki da maganin ciwon kai a jaka. Kafin a tashi idanunta sun yi jajir, tana murza goshi. Nan ne za ka sauke murya, ka jawo kujera kusa, ka yi fuskar ƙanin kirki.

"Anti, ba raini ba, amma yaushe rabonki da likitan ido?"

Ta ɗago ta dube ni. "Idona ƙalau, Injiniya. Daga nan ina karanta lambar motar Yallaɓai a ƙasa."

"Na nesa daban, na allo daban. Shekaru ne, Anti, ba laifin kowa ba ne. Ni fa da nake kallon allon nan ban ga komai ba."

Wannan jimlar ta ƙarshe ka haddace ta, ita ce jarin gaba ɗaya. Mutum yana iya musu da na'ura, amma in Injiniya ya ce shi bai ga komai ba, sai ya koma zargin kansa. Anti ta je asibiti. Likita ya auna ta, ya sake aunawa, ya ce bai ga wata matsala ba, amma tunda ta nace bari ya ba ta tabarau marar ƙarfi na hutar da ido. Ta dawo da shi, mai baƙin firam, ya zauna mata a karan hanci ya yi mata shaida. Ta saka, ta ja layi, layin ya tsaya yana tunani kamar kullum.

"Yaya, Anti?"

"Wataƙila da ɗan sauƙi," ta ce, a hankali, kamar mai jin kunyar kanta.

Ka gani? Ko magani an samu.

6. In an tambaye ka na'ura ce ko mutum, ka san amsarka

Yanzu mun zo wurin da ake gane gwani. Aiki ya fara taruwa a teburin Anti. Zanen da take gamawa a kwana uku ya koma sati. Ga wani babban aiki ya shigo, ginin makaranta hawa biyu, masu shi sun ce ƙarshen wata suke son zanensu ko su kai wani wuri.

Ranar hutu na je gidan yayata cin abincin rana. Muna cikin ci sai Manaja ya ajiye cokali.

"Injiniya, tsakaninka da Allah. Matar nan ta ce na'ura ce ke ja mata baya. Na'urar ce, ko ita ce ta gaji? Don in ita ce, akwai masu sabon jini suna ta kawo min takardu. In zanen makarantar nan bai fita ƙarshen wata ba, zan sallame ta cikin mutunci."

Yayata ta ce, "Haba, ita da ta goyi ofishin nan tun yana ɗaki ɗaya?"

"Shi ya sa nake tambayar masani," in ji shi, ya juyo gare ni.

To, ɗalibina, ga zaɓinka. Ko ka ce, "Yaya, ni fa soket kawai na taɓa kunnawa, a kira mai gyara," ka koma jera fayil, yayarka ta riƙa kallonka da tausayi har ƙarshen rayuwarka. Ko kuma ka tauna lomarka a nitse, ka sha ruwa, ka ce abin da na ce:

"Na'urar ƙalau take, Yaya. Da hannuna na haɗa ta."

Ba zan ɓoye maka ba, abincin bai ƙara shiga ba. Kunya ce ta hana shi. Wannan ba komai ba ne, kowace sana'a da ciwonta. Ka ce yaji ne ya yi yawa.

7. In zuciya ta dame ka, ka yi adalci

Zuciya za ta dame ka, musamman in kana jin ƙyas, ƙyas daga teburin can kowace safiya. Kada ka bari ta kai ka ga faɗin gaskiya. Ka ba ta ɗan aiki ta yi shiru.

Ni na jira Anti ta fita cin abinci, na zauna a kujerarta, na shiga saitin allo, wurin da ban taɓa shiga ba tunda uwata ta haife ni. Na yi ta dannawa har na faɗa kan wasu lambobi. Tsohon allo: sittin. Sabon allo: talatin. Na danna na sabon don in ɗaga shi, na tarar talatin ɗin ce iyakarsa, babu wata lamba a samanta. Na danna na tsohon, sai ga sittin, ga talatin a ƙasanta.

Nan basira ta sauko min. Me Anti ke kuka da shi? Bambanci. Ɗaya na gudu, ɗaya na jan ƙafa. In ba za ka iya ɗaga na ƙasa ba, ai kana iya sauko da na sama. Na mayar da tsohon allon talatin shi ma. Na motsa maus daga wannan bango zuwa wancan, kibiya tana ɗingishi iri ɗaya ko'ina, babu ɗan mowa babu ɗan bora. Na koma teburina ina jin kaina kamar alƙalin da ya raba gado ba a yi faɗa ba.

8. Kada ka bar mai zane kusa da kwali

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa nake roƙonka da babbar murya.

Anti ta dawo, ta zauna, ta kama maus. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta tsaya cak. Ta cire tabarau ta kalli tsohon allon. Ta mayar ta kalla. Ta sake cirewa. Allon nan shekara shida suna tare, ta san tafiyarsa kamar yadda ta san hanyar gidanta. Da safe lafiya lau ta bar shi. Ido kuma ba ya lalacewa tsakanin fita cin abinci da dawowa.

Ranar ba ta yi ƙyas ɗin rana ba, ni kuma na sha jinin jikina.

Washegari na iso na tarar da ita durƙushe a ƙarƙashin teburina, ta jawo kwalin da nake ɗora ƙafa, 'yar takardar nan tana hannunta. Ba ta damu da rubutun ba, hotunan take bi. Ka tuna sana'arta ke nan, shekara goma sha tara tana kallon siffa tana gane inda za ta zauna. A takardar an zana kan waya guda biyu. Kusa da ɗaya an rubuta talatin. Kusa da ɗayan, mai yankakkiyar kusurwa, an rubuta sittin.

"Injiniya, ina wayar da ta zo a kwalin nan?"

"Waya? Anti, ai wayoyin nan duk ɗaya ne, kamfani ne kawai ke son..."

Ban ƙarasa ba, don ba ni take kallo ba. Bayan kaina take kallo. A jikin taga, ƙarƙashin ƙulli biyu, kan wayar yana lilo, kusurwarsa ɗaya a yanke.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta zagaye ni kamar kujera. Ƙullin ya yi tauri, wata takwas yana shan rana da ruwa, sai da ta sa biro ta zaƙulo shi. Ta goge wayar da gefen mayafinta, ta je bayan kwamfuta, ta duba sau ɗaya, ta soka. Ta shiga saitin da na yi zaton ni kaɗai na san hanyarsa, ta mayar da duka biyun sittin. Ta ja layi daga wannan ƙarshen allon zuwa wancan, layin ya bi hannunta tamkar fensir.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta cire tabarau ta ninke, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wata huɗu ina kwana da tunanin makancewa zan yi. Ko 'ya'yana ban faɗa wa ba."

A bayana iska ta taso, taga ta ce fam.

9. In yabo ya zo, ka karɓa

Zanen makarantar ya fita saura kwana biyar wata ya ƙare. Manaja ya tara mu a ɗakinsa, bakinsa har kunne.

"Anti, me ya faru ne? Kamar an canza ki."

Ni ina tsaye bakin ƙofa, na riga na zaɓi durowar fayil ɗin da zan fara jerawa. Na gama shirya abin da zan faɗa wa yayata. Anti ta dube ni, ta dubi Manaja.

"Waya ce, Yallaɓai. Ashe tana wurin Injiniya tun ranar farko. Ya adana mana ita a wuri mai iska."

"Ka ji ko!" Manaja ya daki tebur. "Shi ya sa nake cewa ofis ba ya tafiya sai da masani. Injiniya, Allah ya yi albarka."

Ka ce amin. Ka ɗan sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, ka ce aikinka ne. Na gaya maka tun farko sunan ba zai bar ka ba, ga shi kuwa bai bar ni ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda yake sauti a bakin mutum ɗaya. Anti ba ta daina kirana Injiniya ba. Kullum da safe sai ta gaishe ni da shi, a hankali, harafi bayan harafi, ni kuma sai in ji da ma ta zage ni.

Da na koma teburina ran nan, na tarar da tabarau mai baƙin firam a ajiye a kan faifan rubutun kwamfutata, a ninke, an goge gilashin tas. Ƙarƙashinsa 'yar takarda, da rubutun nan nata mai kyau na masu zane:

"Kai ne ka ce ba ka ga komai ba."

Sanarwa

Marubucin wannan takarda ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita, ko ciwon kai ne, ko jan ido, ko lomar da ta ƙi wucewa a gidan yaya. Wanda ya bi matakan nan ya rasa aikinsa, shi ya jiyo. Wanda ya bi su bai rasa ba, Allah ya ba shi haƙurin zama da sunan. Ba a karɓar tambaya a kan saitin allo, a tuntuɓi Anti, tebur na biyu daga ƙofa. Mai ƙorafi kuma ya zo da kansa ya same ni a ofis, don ba na iya tashi in iska tana kaɗawa. Hannuna ɗaya yana riƙe da taga.